BINI DA ZUGU DA LISSAFIN DA BA A GAMA BA

Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san bini da zugu, wanda waɗansu ke kira cin da zugu. Shi ne itacen da ake kafawa a bakin gona ko a bayan gida domin ya zama shinge, gama akuya ba ta cinsa, saniya ma ba ta kula shi. Yara kuwa kullum ana yi musu kashedi kada su ci 'ya'yansa, domin suna sa amai da gudawa mai tsanani. Ba wanda ya taɓa lissafa shi cikin amfanin gona. Amma tsakanin 2005 da 2009 sai ga kamfanoni daga Turai suna neman dubban hektoci a Afirka domin su shuka shi, suna cewa shi ne zai ba duniya man dizal. Kafin shekara goma ta cika, galibin waɗannan gonaki sun koma jeji.

Mun zaɓi wannan labari ya zama darasinmu na bana saboda a cikinsa ne ɗalibi zai ga aikin fannin da ake kira tattalin arzikin noma. Mai wannan ilimi ba ya tsayawa a kan tambayar ko shuka za ta fito. Yakan tambaya: nawa aka kashe, nawa aka samu, me aka bari domin a yi wannan, wa kuma zai biya asarar da ba ta shiga rasit ba? Muna roƙon iyayenmu manoma da za su karanta wannan shafi su yi haƙuri da yawan lambobi. Za su ga cewa rabin lissafin sun riga sun san shi tun kafin a haife mu.

MAN MOTA DAGA GONA

Tunanin ba sabo ba ne. A baje kolin duniya da aka yi a Paris a 1900 an nuna injin dizal yana aiki da man gyaɗa. Man fetur ne ya yi araha, shi ya sa aka ajiye zancen. Man da ake samu daga tsirrai iri biyu ne. Na farko shi ne itanol, watau sinadarin nan da ke sa burukutu ya bugar, wanda ake tatsa daga rake, masara ko rogo, a tace shi sosai, a gauraya da fetur. Na biyu shi ne dizal na tsirrai, wanda ake yi da manja, man waken soya, ko man bini da zugu.

Brazil ce ta fara ɗaukar abin da gaske. Bayan farashin ɗanyen mai ya ninka wajen sau huɗu a 1973 da 1974, gwamnatinta ta kafa shirin itanol na rake a 1975. A yau fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na fetur da ake sayarwa a ƙasar itanol ne. Amma mu lura da abin da ya sa ya yi musu. Suna da ruwan sama da fili, masu bincikensu sun yi shekaru suna inganta irin rake, gwamnati ta daɗe tana ba da tallafi, kuma tuƙar raken da ta rage bayan an matse ita ce ake ƙonawa ta ba masana'anta wuta. Rake yakan mayar da ƙarfin da aka zuba wajen nomansa da sarrafa shi wajen sau 8. Masara ba ta cika kai sau 2 ba.

Duk da haka masara Amurka ta zaɓa. Dokokin da ta yi a 2005 da 2007 sun tilasta gauraya itanol cikin fetur, har ya zama fiye da kashi ɗaya cikin uku na masarar ƙasar yana shiga matatun itanol, ko da yake dusar da ta rage tana komawa abincin dabbobi. A daidai wannan lokaci farashin abinci ya yi tashin gwauron zabo a duniya. A Janairun 2007 mutanen Meziko suka fita zanga-zanga saboda tsadar gurasar masara. A 2008 aka yi tarzomar tsadar abinci a Kamaru, Burkina Faso, Sanagal da Haiti. Nan masana suka rabu. Masu ba shugaban Amurka shawara suka ce itanol ɗin masara ya jawo wajen kashi 3 cikin 100 ne kawai na tashin. Cibiyar IFPRI da ke Washington ta ce man tsirrai ya jawo wajen kashi 30 na tashin farashin hatsi. Donald Mitchell na Bankin Duniya ya ce kashi 70 zuwa 75. Ɗalibi zai ce ai ɗaya daga cikinsu ya yi ƙarya. Ba lallai ba ne. Kowa da shekarun da ya auna, da irin abincin da ya lissafa, da abin da ya ɗora wa man tsirrai ko ya ɗora wa fari da tsadar taki. Shi ya sa kafin mu karɓi lamba daga bakin masani, sai mu tambaye shi me ya ƙidaya, me ya bari.

ALKAWARIN BINI DA ZUGU

Wannan rikici ne ya ɗaga darajar bini da zugu. Asalinsa daga Meziko da Amurka ta Tsakiya ne, 'yan Fotugal suka yaɗa shi zuwa Afirka da Asiya. Masu tallarsa suka ce ba a cinsa, saboda haka ba zai yi kishiya da abinci ba. Suka ce yana fita a ƙasar da ta mutu, ba ya son ruwa, ba ya son taki, ƙwari ba sa taɓa shi, kuma hekta guda za ta ba da tan 5 na 'ya'ya ko fiye a shekara. Indiya ta tsara a 2003 za ta shuka fiye da hekta miliyan 11. Kamfanin mai na BP ya shiga haɗin gwiwa da kamfanin D1 Oils a 2007. A Nijeriya ma, manufar man tsirrai da gwamnati ta amince da ita a 2007 ta ambaci rake, rogo da bini da zugu, da burin gauraya itanol kashi 10 cikin 100 a fetur. Wani bincike na 2008 ya ƙiyasta an shuka wajen hekta 900,000 a duniya, ya kuma yi hasashen za a kai kusan miliyan 13 a 2015. Ba a ko kusanci wannan ba.

Bari mu yi lissafin tare, gama ba ya bukatar kwamfuta. Da injin matsa na yau da kullum, sai an matse wajen kilo 4 na 'ya'yan bini da zugu kafin a sami lita guda ta mai. Idan hekta ta ba da tan 5, watau kilo 5,000, an sami lita 1,250. Wannan shi ne lissafin da aka nuna wa masu zuba jari. Amma a gonakin ƙananan manoma a Afirka da Indiya, abin da aka riƙa samu bai kai tan guda ba, sau da yawa ma ƙasa da rabin tan. Rabin tan lita 125 ne, watau bai cika durom guda ba, daga fili mai girman eka biyu da rabi, bayan an jira itacen shekara uku zuwa biyar ya girma.

Me ya faru? An gauraya abu biyu ne da ba ɗaya ba: rayuwa da haihuwa. Gaskiya ne bini da zugu yana rayuwa a ƙasa marar kyau. Yakan zubar da ganye ya jira damina. Amma idan ana son ya yi 'ya'ya da yawa, sai an ba shi ƙasa mai kyau da ruwa da taki, watau daidai filin da masara da dawa suke so. Ban da haka, itacen daji ne wanda ba a taɓa zaɓen irinsa ba. Masarar da muke shukawa an yi dubban shekaru ana zaɓenta. Shi kuwa, itace biyu a layi ɗaya, wannan ya cika da 'ya'ya, wancan ba ko ɗaya. 'Ya'yan ba sa nuna lokaci guda, dole a riƙa zagayawa ana tsinka da hannu, kuma a ƙasashe irin namu aikin yakan faɗo lokacin da kowane hannu a gida yake gonar abinci.

Ga wani abin da muke so ɗalibai su riƙe. Farashin 'ya'yan bini da zugu yana da rufi a kansa. Tun da kilo 4 ne ke ba da lita guda, kilo ɗaya ba zai wuce rubu'in kuɗin litar dizal ba, kuma daga ciki za a cire kuɗin matsa, kuɗin mota da ribar kamfani. Ɗanyen mai ya kai dala 147 ganga a Yulin 2008. Kafin ƙarshen Disamba ya faɗo ƙasa da dala 40, rufin ya rufto a kan manomi. Ku kwatanta da gyaɗa. Mai gyaɗa yana da mai, yana da ƙuli-ƙuli, yana da harawa, in kasuwa ta ƙi kuma iyalinsa su ci. Tunkuzar bini da zugu guba ce, ba a ba dabba. Mai sayensa ɗaya ne, in ya tafi shi ke nan. Abin da aka yi ta yabo, cewa ba a cinsa, shi ne ya zama babban aibinsa a wurin talaka.

Suka kuwa tafi. BP ya janye a 2009. A Tanzaniya kamfanin Sun Biofuels na Ingila ya karɓi wajen hekta 8,000 daga ƙauyuka 11 a gundumar Kisarawe, ya durƙushe a 2011, aka sallami ɗaruruwan ma'aikata, filin kuma bai koma hannun ƙauyukan nan take ba. A arewacin Ghana, kusa da Kusawgu, wata ƙungiya ta yankin ta ba da rahoto a 2008 cewa wani kamfanin Norway ya sa wani dagaci ya dangwala yatsa a takardar hekta 38,000, an kuma tumɓuke itatuwan kaɗanya kafin jama'a su tsayar da aikin. A takardun kamfanoni ana kiran irin wannan wuri filin da ba kowa. Mu da muka san kaɗanya da ɗorawa mun san akwai kowa: matan da ke yin man kaɗe da daddawa, masu itacen girki, da makiyaya. Kuɗinsu ba ya bi ta banki, shi ya sa bai shiga lissafi ba. Wani bincike da hukumar GTZ ta Jamus ta ɗauki nauyi a Kenya a 2009 ya bi gonakin ɗaruruwan manoma, ya tarar hanya ɗaya ce kawai take da alamar riba, watau shuka shi a matsayin shinge. A Mali ma, inda aka daɗe ana yin haka, mata sukan tsinci 'ya'yan su yi sabulu. Kakanninmu ba su yi kuskure ba da suka bar shi a bakin gona.

BASHIN KABON

Babbar hujjar man tsirrai ita ce sauyin yanayi. Aka ce iskar kabon da mota ta fitar, shuka ce ta zuƙo ta tun farko, saboda haka an yi kunnen doki. A Fabrairun 2008 mujallar Science ta buga bincike biyu da suka girgiza wannan hujja. Joseph Fargione da abokan aikinsa suka nuna cewa idan aka sare daji ko aka kafce makiyaya domin a shuka, kabon da ke ajiye cikin itatuwa da ƙasa yakan tashi sama gaba ɗaya. Suka kira shi bashin kabon, suka kuma lissafa shekarun da za a yi ana biya. Rake a dajin Cerrado na Brazil, shekara 17. Masara a makiyayar Amurka, shekara 93. Waken soya a kurmin Amazon, shekara 319. Kwakwar manja a kurmin fadama na Indonesiya da Malesiya, shekara 423.

Timothy Searchinger da nasa abokan suka ƙara wani mataki. Ko ba ka sare daji ba, in ka karkatar da masararka zuwa matata, farashi zai tashi, wani manomi a wata ƙasa zai sare nasa dajin ya cike gurbin. Har yau ana gardama a kan girman lambobinsa, waɗansu masana suna ganin ya yi yawa. Amma tunanin ya zauna, har Tarayyar Turai ta sa iyaka a 2015 cewa man da aka yi da amfanin abinci kada ya wuce kashi 7 cikin 100 na man sufuri da ake lissafawa cikin burinta.

Sauyin yanayin kansa yana ƙara wa fili tsada. David Lobell na Jami'ar Stanford da abokansa sun duba gwajin masara fiye da 20,000 da aka yi a Afirka, suka buga a 2011 cewa kowane digiri guda da zafi ya haura 30 na tsawon yini yana rage amfani da kashi 1 cikin 100 in akwai ruwa, da kashi 1.7 in ana fari. Wani bincike na 2019 da Benjamin Sultan ya jagoranta ya ƙiyasta cewa tsakanin 2000 da 2009 ɗumamar yanayi ta rage amfanin gero a Afirka ta Yamma da kashi 10 zuwa 20, dawa kuma da kashi 5 zuwa 15. In hekta tana ba da ƙasa da abin da ta saba, bakunan da za a ciyar kuwa suna ƙaruwa, to kowace hekta da aka ba mota ta fi jiya tsada.

KUƊIN CUTA

A nan ne muke ganin masu tsara ayyuka suka fi yin sakaci, gama cuta ba ta zuwa kowace shekara, sai a rubuta mata sifili. Dattawan da suka yi noma a 1975 ba za su rubuta mata sifili ba. A wannan shekara, bayan farin 1972 zuwa 1974, kuturtar gyaɗa, wadda darɓa ke yaɗawa, ta lalata wajen hekta 700,000 a arewacin Nijeriya. An ƙiyasta asarar a kan dala miliyan 250. Ba ita kaɗai ta kashe dalar gyaɗa ta Kano ba, akwai fari da kuɗin fetur da farashin hukumar ciniki, amma ta sa manoma da yawa sun koma wake da dawa. Sai bayan shekaru masu yawa na bincike cibiyar IAR ta Samaru da abokan aikinta suka fitar da iri masu jure cutar, irin su SAMNUT 24 a 2011.

Yadda masana ke lissafa irin wannan ba wuya. A ce cuta takan zo sau ɗaya cikin shekara goma ta cinye rabin amfani. To a kowace shekara sai a cire kashi 5 cikin 100 daga ribar da ake sa rai, a ƙara kuɗin magani da feshi, a ƙara abin da iyali za su yi asara in sun sayar da akuya ko sun cire yaro daga makaranta a shekarar da ta ɓaci. Wannan na ƙarshe shi ne ya fi zafi, shi ne kuma ya fi wuyar aunawa.

An ce ƙwari ba sa taɓa bini da zugu. A shinge, inda itatuwan ke warwatse, kusan haka ne. Da aka jera dubbai a fili ɗaya sai gara, ƙwaron da ke huda ganye, ruɓewar saiwa da farar fumfuna suka bayyana. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne dangantakarsa da rogo, gama 'yan gida ɗaya ne a ilimin tsirrai, kuma farin ƙuda yana sauka a kan dukansu. A Kenya an sami ƙwayoyin cutar da ke murɗe ganyen rogo a jikin bini da zugu, masu bincike na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya kuma sun bayyana wata sabuwar ƙwayar cuta ta wannan dangi a bini da zugun Nijeriya a 2013. Wannan cuta ta rogo ba abar wasa ba ce. A shekarun 1990 ta jawo wa Yuganda asarar da aka ƙiyasta a kan dala miliyan 60 a shekara. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa noman rogo a duniya. In gonar kamfani ta zama maɓoyar cuta, ba kamfanin ne zai biya ba, maƙwabcinsa mai rogo ne. Masana suna da suna na musamman domin irin wannan asara da ke tsallake shinge, amma Bahaushe ya riga ya ce kashin kaji aka shafa wa wanda bai ci ba. Zafi kuma yana taimakon ƙwari. Binciken da Curtis Deutsch ya jagoranta a 2018 ya ƙiyasta cewa ɓarnar ƙwari a alkama, shinkafa da masara za ta ƙaru da kashi 10 zuwa 25 cikin 100 a kan kowane digiri guda na ɗumama, ko da yake ƙarin zai fi yawa a ƙasashe masu sanyi.

Sa'an nan ga cutar mutum. Rake yana son ruwa, a ƙasashe irin namu kuwa ruwa yana nufin madatsa da magudanai. Garin Richard-Toll a arewacin Sanagal garin rake ne. Bayan an gama madatsar Diama a 1986, ruwan gishiri ya daina hawowa kogin, dodon koɗi ya yaɗu a magudanai. A 1988 aka fara ganin tsargiyar hanji, cutar da ba a san ta a wurin ba, cikin 'yan shekaru kuma ta kama fiye da rabin mutanen garin. A Nikaragwa da El Salvador, inda ake yanka rake da adda cikin tsananin rana, samari majiya ƙarfi suka riƙa mutuwa da ciwon ƙoda, ba su da ciwon sukari, ba su da hawan jini. An ƙiyasta mutum wajen 20,000 sun mutu a yankin cikin shekara ashirin. Masana ba su gama yarda a kan dukan dalilan ba, amma aiki mai nauyi cikin zafi da ƙarancin ruwa a jiki shi ne kan gaba, kuma inda aka tanadi ruwan sha, inuwa da hutu a kan kari, raunin ƙoda ya ragu. Ba a rubuta kuɗin jinyar waɗannan mutane a kan buhun sukari ko litar itanol ba.

Amma lissafin lafiya ba kullum asara yake nunawa ba, kuma misalan da suka fi burge mu na gida ne. Andrew Dillon da abokan aikinsa biyu sun yi gwaji a wata babbar gonar rake a Nijeriya, inda ake biyan masu yanka gwargwadon abin da suka yanka. Aka riƙa gwada ma'aikata ana ba masu zazzaɓin cizon sauro magani a wurin aiki. Abin da suke samu ya ƙaru da wajen kashi 10 cikin 100 a makonnin da suka biyo baya. Har waɗanda aka gaya musu ba su da cutar sun ƙara ƙwazo, da yake hankalinsu ya kwanta. Watau kuɗin asibitin gona jari ne mai dawowa, ba sadaka ba.

Na biyu ya shafi murhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gida ya kashe mutum wajen miliyan 3.2 a 2020, da yawansu mata da ƙananan yara. A Ibadan an yi gwaji da mata masu juna biyu su 324 waɗanda suka saba girki da itace ko kananzir. Aka ba rabinsu rishon itanol, sauran suka ci gaba da abin da suka saba. Sakamakon da aka buga a 2017 ya nuna hawan jini ya fi ƙaranci a wurin masu rishon itanol. Ke nan litar itanol ɗaya tana iya yin amfani daban, ya danganta da inda aka ƙona ta. A tankin mota ta maye gurbin ɗan fetur kaɗan. A ɗakin girki ta rage hayaƙi a ƙirjin uwa da jariri, ta bar itace a daji, ta kuma rage wa 'yan mata tafiyar neman itace.

A ganinmu wannan ce tambayar da ta fi dacewa da ƙasarmu, ba ta gauraya fetur ba, wadda aka yi manufarta tun 2007 amma shekaru suka shuɗe ba a gan ta a gidajen man garuruwanmu ba. Ita ma ba ta kuɓuta daga lissafi ba. Tan guda na ɗanyen rogo yana ba da itanol wajen lita 150 ne, rogon kuwa yakan fara lalacewa kwana biyu zuwa uku bayan an tono shi, saboda haka dole matata ta kasance kusa da gonaki, ta kuma sami rogo duk shekara. Wannan rogo ɗin dai shi ne mai yin gari yake nema a kasuwa ɗaya. Duk shekarar da garin rogo ya yi tsada, manomi zai kai nasa wurin mai gari, matata ta zauna babu aiki. Duk shekarar da matata ta fi biya, mai sayen mudun gari ne zai ji a aljihunsa. Ɗaliban aji biyar da shida da ke neman batun aikin bincike za su iya farawa daga nan: su rubuta farashin buhun rogo, mudun gari, litar kananzir, kilon iskar gas da damin itace a kasuwar garinsu kowane mako har zango guda, sa'an nan su lissafa farashin da litar itanol za ta tsaya a kai kafin mai girki ta yarda ta saya, manomi kuma ya yarda ya sayar.